Awartaki ya tsage a wuya: walda ko liƙin tagulla?

Mai tambaya, Ƙofar Guga:
Assalamu alaikum iyayenmu maƙera da masu walda. Awartaki ne na sifirin mota, ya tsage a wuya, daidai inda baki ya haɗu da gurbin ƙusa. Tsagar ta ci kusan rabin kaurin, amma bai rabu ba. A kai wa mai gas ya liƙe da tagulla, ko a yi masa waldar lantarki?

Maƙeri, Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar maganar tagulla a wannan wurin. Wajen digiri 900 take narkewa, ƙarfen da kake cirowa daga wuta kuwa yakan haura 1000. Tun kafin ta narke ma, da zafi ya ratsa ta sai ta yi laushi, ga kuma girgizar masaba. Ran da za ta saki, ƙarfe mai wuta ne zai faɗo maka a ƙafa. Sannan in ta riga ta shiga tsagar, walda ba za ta ƙara kamawa da kyau ba sai an gurje ta tas. Da a ƙarshen mariƙi ne, nesa da wuta, sai in ce a goge wurin ya yi fes, a sa hodar boraks, wadda ke taimaka wa tagulla ta kama ƙarfe, a liƙe.

Abin da ya tsaga shi kuwa, tsoma shi da ake yi cikin ruwa bakin yana ja. Ƙarfen sifirin ba ya jure haka, ƙeƙashewa yake yi ya zama kamar kwalba.

Mai walda, Ƙofar Ƙaura:
Maganar Baba gaskiya ce. Sai dai wanda ya ɗora walda a kan sifirin mai sanyi, kafin ya tashi daga wurin zai ji ƙas, ta tsage a gefen ɗinkin.

Fara da cire ƙusar, ka raba ƙafafun biyu. Nemo inda tsagar ta tsaya, ka huda ɗan rami mai faɗin milimita 3 a nan don kada ta ci gaba. In ba ka ganin ƙarshenta, shafa kananzir, ka share, ka goga alli, layin zai fito da kansa. Ka gurje tsagar da giranda ta buɗe kamar kwari har gindinta, kada ka bar ko siririn baƙin layi. Sai ka gasa wurin a kan gawayi zuwa digiri 250 ko 300, lokacin da gogaggen ƙarfen ya juya shuɗi-shuɗi.

Sandar walda mai lamba 7018 ta milimita 2.5 ta fi dacewa, a saita ƙarfin wutar injin a kan amfiya 70 zuwa 90. Ta zama busasshiya, domin wadda ta sha laimar damina ita ke kawo tsaga daga baya. Sanda mai lamba 6013 da ta cika kasuwa ta ƙofa ce da taga, ban so ta a nan. Ɗinki gajere-gajere, kana kankare dattin kowane layi kafin na gaba. Da ka gama, mayar da shi wuta ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, ka binne a busasshiyar toka ya kwana.

Washegari ka bi wuyan da magagari ya yi lanƙwasa mai santsi, domin daga kusurwa mai kaifi tsaga ke farawa. Sa sabuwar ƙusa da zafi, kana buɗewa kana rufewa har ta huce.

Maƙeri, Daura:
Ƙari ɗaya. Duba ramin ƙusar da kyau kafin ka ɓata sanda. In tsagar ta kai can, yar da wannan ƙafar ka ƙera wata da ƙarfe mai laushi, mai santsi, na milimita 16. Shi ko ka tsoma shi a ruwa bai cika tsagewa ba. Kada ka sa rodin gini mai zane, ba kullum ake sanin taurinsa ba.

Mai tambaya:
Na duba Baba, ba ta kai ramin ba. Walda zan yi. Allah ya ƙara girma.