"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": ni da Baffana wa ya fi gaskiya?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ƙara na kawo, kuma Baffana nake ƙara. Ranar Asabar a wajen walimar aure aka sake turo mana farantin shinkafa da kaji, na janye hannu na ce, "Alhamdulillahi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Baffa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, ba nan ake sa ta ba." Ya ci gaba da cin kazarsa.

Ga dalilina. Atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, zaune nake wuni. Bara war haka nauyina kilo 121, sujada sai da nishi, ɗaure takalmi sai na riƙe numfashi. Likita ya ce jinina ya hau, suga kuma tana bakin ƙofa. Yau ina 103. Wannan karin maganar ita nake faɗa wa kaina duk sanda ido ya so abin da ciki bai nema ba. To ina kuskurena?

Malam Na-Zaure:
Wa'alaikumus salam. Barka da ƙoƙari, ɗana, amma Baffanka ya fi ka gaskiya. Wannan magana ta riƙe sirri ce. Mai sakin baki ake yi wa ita, wanda in ya ji abu da safe kafin azahar ya kai shi kasuwa. Cikin da ake nufi ba tumbi ba ne. Duba yadda Bahaushe ke ajiye komai a can: farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, bugun ciki in ana so a ji abin da mutum ya ɓoye. Har cewa ake ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. In maganar haɗama kake nema, ai ba mu rasa ba: ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Ko ka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɗiyar Maraɗi:
Baba Malam, a gafarce ni, ni ban ga laifinshi ba. Da ya ce "ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu" a gaban mutane suna tsakar cin kaza, ai zagi ne, Baffan ma da ya fi haka hushi. Ya zaɓi wadda ba ta taɓa kowa. Kuma in an ce ba don tuwo kaɗai ba, an bar ƙofa buɗe ke nan. Sirri ya shiga, me zai hana numfashi ya shiga?

Ku maza ma kuna da sauƙi. Mu mace in ta rame, mijinta ake zagi. In ta yi teɓa a ce ta samu wuri. Nan har 'yan mata ke sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe gabanin biki don kar dangin miji su ce an kawo musu kara. Surukata kuwa, da na rage tuwon dare, kullum sai ta ce mini da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Malam Na-Zaure:
Ita ma surukar taki ta ja ta inda ta ga dama. Waccan ana kawo ta ne a kan jari da abin hannu, sai kana da ɗan wani abu kake samo wani. Sai dai zancenki na numfashi ya tsaya mini a rai, don ya yi daidai da hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito: ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su tsai da bayansa sun ishe shi, in kuma ba makawa to sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Ma'anar da Ɗan Kwari ke nema tana nan, daga bakin da ya fi na kakanninmu. Abin da na ƙi shi ne a jingina wa Hausawan dā abin da ba su nufa ba. Mutanen da suka sha yunwa iri-iri ba su zauna yi wa mai ƙiba karin magana ba.

Mai Shayin Bakin Tasha:
Jama'a a yi a hankali dai, kar ku kashe mana kasuwa. Mai shayi da ƙwai huɗu da indomi biyu shi ke biya mini kuɗin haya.

Nas Mai Aikin Dare:
Yaya Ɗan Kwari, sannu da ƙoƙari, kilo 18 ba wasa ba ne. Ni tsorona wa'azi ba aiki. Kowa ya haddace ayar Suratul A'araf ta 31, ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, amma ku dubi yadda muke buɗa baki: kunu, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, bayan tarawihi kuma tuwo. Akwai masu fitowa daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Ga awon da muke yi a asibiti. A raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake rabawa da tsawon. In ya kai 25 nauyi ya yi yawa, in ya kai 30 ƙiba ce ta cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da wannan ƙiba ta cuta. Tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, sukari kuma kada ya wuce wajen cokalin shayi 12 a rana, alhali kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 ta kusa cinye wannan kason. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnati ta sa wa lemon kwalba ban ga wanda ya hana sha ba. Mai suga da ke kan allura ko ƙwaya kuma, kar ya ɗauki azumin nafila sai ya ga likitansa.

Ɗan Kwari:
Malam, tun jiya nake juya maganarka, ta hana ni barci. In dai ma'anarta riƙe sirri ne, to na fi kowa aiki da ita, kuma ita ta kusa kai ni ƙasa.

Abin da ban faɗa ba shi ne a ɓoye nake ci. In na rufe shago sai in tsaya wajen mai tsire, in haɗa da gurasa da lemo biyu, in cinye a cikin mota gilashi a rufe, in jefar da takardar kafin in shiga layinmu. Ina isa gida in zauna in ci tuwo kamar mai yunwa, don kar maiɗakina ta gane. Ba yunwa ba ce. Ranar da ciniki ya ƙi, ko mai bina bashi ya kira, ranar na fi ci. Na yi addu'a, na yi alkawari a kan sallaya ya fi a ƙirga, washegari sai ga ni gaban mai tsire. Sabo turken wawa.

Ban ga canji ba sai daren da na faɗa mata. Na zaci za ta yi dariya, sai ta ce ta daɗe tana jin ƙanshin ƙuli a rigata. Yanzu in na taso sai in kira ta, muna waya har in wuce wurin. Asuba kuma na koma wani masallaci mai nisa, tafiyar minti 20 a ƙafa, ni da wani maƙwabcina da ke buga mini ƙofa. Litinin da Alhamis muna azumi tare, mu buɗa da dabino da ruwa, sai an yi magariba a ci abinci a ƙaramin kwano. Da Babbar Sallah na zame, kilo 3 suka dawo a kan soyayyen nama. Wannan karon ban ɓoye ba.

Ɗiyar Maraɗi:
Allah Ya saka wa matarka. To Baba Malam, ka ga inda zurfin ciki ya kai shi.

Malam Na-Zaure:
Na gani, 'yata. Amma sirrin da aka ce a riƙe na mutane ne, amanar da aka ba ka. Ciwonka ba ya cikin wannan sirrin, shi ai mai magani ake kai wa. Kuma ɗana, janye "wawa" ɗin nan, wawa ba ya tsinke turke. A kan ma'ana dai ina nan inda nake. Ka je ka gai da Baffanka, ka ce wani tsoho ya goyi bayansa.

Ɗan Kwari:
Zan je ranar Juma'a in sha Allahu. Matsalar ita ce gidan Baffa ba a fita sai an ga ƙasan kwano, kuma Goggo da man shanu take miyar kuka.