Bes na ruɗa ni a situdiyon gida, wa ya taɓa haɗa bes tarap da kanshi?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar sauti, don Allah shawara nike biɗa. Ina da ɗan situdiyo a gida nan Mabera, ɗaki guda ƙafa sha biyu-sha biyu, bulo da siminti, ƙasa tayil. Manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nike aiki da ita da sifika KRK biyu 'yan inci 5, yawanci waƙoƙin biki da talla, jefi-jefi yaran hip hop. Matsalata bes, wato sautin ƙasa mai kauri. In ina zaune gaban kwamfuta sai in ji kamar babu shi sai in yi ta ƙarawa, in na tashi na matsa kusurwa sai in ji ɗakin na ruri kamar janareta, kuma da an kai waƙar mota ko wurin DJ bes ya danne murya gaba ɗai. Wani ya ce in liƙe bango da kiret ɗin ƙwai, wani ya ce soson katifa. Na ga ana haɗa bes tarap, abin shanye rurin bes a ɗaki, da katako a YouTube, mi ake sawa ciki kuma ina ake samu nai?

Injiniya_Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kiret ɗin ƙwai bar shi ga masu ƙwai, kyankyasai kawai za ka tara. Sifikarka lahiya lau take, ɗakin ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ƙafa 12 kuma mita 3.66 ne, in ka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin za ka samu wajen 47Hz (wato sauti na kaɗawa sau 47 a daƙiƙa), to nan ne sautin ke kai da kawowa tsakanin bango da bango yana hawa kan junanshi, sai kuma 94, sai 141. (Da zahin garin nan na watan Afrilu lissafin kan ɗan hau zuwa 48 da wani abu don sauti ya fi gudu a iska mai zahi, amma wannan ba damuwarka ba ce.) Abin da ya ƙara ɓata naka shi ne tsawo da faɗi ɗaya ne, ke nan matsalar ta ninku wuri guda. A tsakiyar ɗaki 47 ɗin ɓacewa take yi, a jikin bango da kusurwa kuma ta taru, shi ya sa kake ƙarawa kana zaune alhali ta yi yawa.

Igiyar sautin 100Hz tsawonta ya kai mita 3.4, to ka gaya min yadda soso mai kaurin inci ɗaya zai tare ta. Saman sauti kawai yake sha, ɗaki ya mutu murus amma rurin na nan. Kauri ake so, kuma a kusurwa. Kahin ka kashe ko sisi ma, ja kujerarka ta zama kamar ƙafa huɗu da rabi daga bangon gaba, kar ka zauna tsakiya cif, ka ji bambanci.

Abban Nana:
Ni na haɗa nawa kuma ba wani wahala. Ka tahi 'yan katako ka sa kafinta ya buga maka firam ƙafa 2 da ƙafa 4, zurfin inci 6, in aljihu bai kai ba inci 4 amma kar ka sauka ƙasa da haka. Ciki rokwul ake sawa, wanda masu aikin bututun AC da rufin masana'anta ke amfani da shi, ka ce mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kubik mita. Ni dai daga Kano anka ɗoro min a mota. Yawanci kaurin inci 2 yake zuwa sai ka jera uku. Bayan firam ɗin kar a rufe da filawud, wannan kafintoci sai ka tsaya kansu don su gani suke aiki bai kammala ba in ba a rufe ba, yadi kawai za a ja gaba da baya a buga da sitefula. Yadin kuma ka kara a baki ka hura, in iska ta wuce ya yi, in ba ta wuce ba aje shi, leda ta kujera sam. Sai ka gicciya shi a kusurwa ya bar rami a baya, ramin nan aiki yake yi ba asara ba ne, ka ɗora biyu bisa juna har kusa da silin. Fara da kusurwa biyu na bayan sifika.

Ka sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu kuma a tsakar gida za ka yanka, abin akwai ƙaiƙayi wallahi. Katakon a shafa mishi maganin gara tun kahin a ja yadi.

Sani Kalangu:
Ranka ya daɗe Abban Nana ba musu nike ba, amma ba kowa ke da kuɗin odar kaya daga Kano ba. Auduga wadda masu katifar gargajiya ke cusawa ita ma tana sha in an yi ta da kauri ba a danƙare ta ba, sai dai tana zubowa ƙasa da daɗewa, sai an yi mata shamaki da ragar waya. Kuma ita da soso duka abincin wuta ne, kar a kai su kusa da soket ko inbata.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri yayyena. To zai hana ƙara fita? Don maƙwabcina dattijo ne har ya fara aiko yaro.

Injiniya_Arkilla:
A'a fa, wannan gyaran jin cikin ɗaki ne kawai, hana fita sai nauyin bango da toshe kafar ƙofa da taga. Rage murya bayan isha'i. In ka kafa biyun farko sauke REW, manhajar auna sautin ɗaki, kyauta ce, ka auna kahin da bayan ka turo mana hoton layin mu gani ko sai an ƙara na baya.