Siket ɗin makaranta ya gajarce cikin wata shida: laifin awo ne ko na doka?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman masana ɗinki da waɗanda suka san harkar makarantu a nan Legas. Takardar dokokin makarantar 'yata, sakandare ce mai zaman kanta, cewa kawai ta yi siket ya sauka ƙasa da gwiwa, ba a faɗi inci nawa ba. A Satumba aka ɗinka, ga shi a Maris an koro ta daga bakin ƙofa wai ya gajarce. Daga ina ake fara awon nan, kuma makaranta na da hurumin korar yarinya gida a kan haka? Sannan idan na ɗinka mata mai kai idon sawu, za su iya hanawa?

Baban Sadik Tela, Idi-Araba

Wa'alaikumus salam Hajiya. Siket ɗin Satumba ya gaza a Maris ba abin mamaki ba ne, kuma galibi tun ranar awo aka yi ɓarnar.

Yarinya ta tsaya a miƙe, ba takalmi, ƙafafu a haɗe, ta kalli gabanta. In ta sunkuyo tana leƙen tef, awon ya lalace. A ɗaura mata zare a daidai inda take ɗaura siket, don wata a cibiya take tsayar da shi, wata kuma sai ta sauke shi da inci biyu. Daga zaren a sauke tef har ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, a ƙara inci huɗu a kai. To ga inda teloli da yawa ke yin ganganci: awon nan sau biyu ake yin sa, ta gaba da ta baya. Mazaunai suna ɗage yadi, saboda haka bayan yakan buƙaci ƙarin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya yanka gaba da baya daidai wa daida, gaban zai rufe gwiwa, bayan kuwa yana lilo a sama, kuma bayan nan ne mai tsaron ƙofa yake gani idan ta wuce shi.

Yarinya tsakanin shekara 10 zuwa 13 tana iya ƙara inci uku a tsawo cikin shekara guda, ƙugu kuma yana buɗewa a lokacin. Siket da ya matse a ƙugu hawa sama yake yi da kansa in ana tafiya, ko da tsawonsa bai canza ba. Don haka a bar sararin inci uku a faɗi, a bar inci ɗaya a cikin kowane ɗinkin gefe don a buɗa nan gaba, a sa roba a rabin baya na ƙugun. Kalmasar ƙasa kuwa inci uku, ɗinki layi ɗaya mai tazara wanda zai warware ba tare da ya huda yadi ba. Tsaga ta baya kada a yi ta, a yi ninki a madadinta, domin tsagar nan ita ce ta farkon jawo magana.

Sai yadi. Mai auduga da yawa yana shigewa a wankin farko, siket mai inci 26 ya iya rasa kusan inci guda. A jiƙa yadin ya kwana a ruwa, a shanya a inuwa, a goge, sannan almakashi ya taɓa shi. Mai roba-roba ba ya shigewa sosai, amma da zufar Legas yarinya za ta ji a jikinta. Siket mai ninki zagaye yana cin awon ƙugu sau uku: mai ƙugu inci 34 tana buƙatar yadi biyu in mai faɗin inci 60 ne, in mai faɗin inci 45 ne sai kusan uku. Ko a kasuwar Balogun ko ta Oshodi kika saya, ki ƙara rabin yadi daga wannan bandir ɗin ki ajiye, don in kika koma bayan wata shida da wuya launin ya zo ɗaya.

Malama Hadiza, Alimosho

Maman Ilham, bayanin Malam Baban Sadik ya rufe ɓangaren ɗinki. Kafin ki je makaranta da faɗa, duba ƙugun siket ɗin tukuna. In kika ga layin lanƙwasa a kwance ƙasa da maɓalli, ko zif ya fara karkacewa, to naɗe shi ake yi bayan an bar gida. Ƙugu mai faɗin inci ɗaya da rabi, naɗi biyu ya cinye inci uku. Wasu kuma telolin nan masu yawo da keken ɗinki a kafaɗa suke kai wa a rage musu faɗi, minti goma an gama. Ba cewa nake 'yarki ta yi ba, amma gara ki sani kafin wani ya nuna miki a gaban jama'a.

In ba haka ba ne, to dokar ce da rauni. "Ƙasa da gwiwa" ba awo ba ne, ra'ayin wanda ke bakin ƙofa ne a ranar. Dokar da za ta yi aiki tana faɗin abu uku a fili: inci nawa ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a tsaye ake aunawa, kuma wane ne zai auna. Gwajin da wasu ke yi na durƙusar da yara a filin asambuli a ga ko siket ya taɓa ƙasa ba ya tabbatar da komai, domin duk siket ɗin da ya kai tsakiyar gwiwa zai taɓa, ga kuma tozarci. Malami namiji ko mai gadi da rula a jikin 'ya mace kuwa, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Malama mace ce ke dubawa, a ofis, ba a gaban 'yan aji ba.

Tsarin da ya dace: gargaɗi na baki, sai takarda zuwa ga iyaye da wa'adin mako guda, sai a kira iyaye. Makaranta mai tsari tana ajiye siket uku ko huɗu masu girma daban-daban a ofishin mataimakiyar shugaba, yarinya ta ara ta shiga aji. Kora gida da ƙarfe takwas na safe ita ce mafi muni a garin nan. Uwa tana kasuwa, uba ya fita tun asuba, gida a kulle, yarinya ta tsaya a tasha ita kaɗai tana jiran danfo (ƙaramar motar haya ta Legas), makaranta ta rubuta ba ta zo ba, iyaye kuma suna ganin tana aji. In wani abu ya same ta tsakanin nan, wa za a tambaya? Yanke siket da almakashi ko farke kalmasa a bainar jama'a ma ɓarnar dukiyar iyaye ce. Bulala kuwa gwamnatin jihar Legas ta hana ta a makarantu.

Ki fara da malamar aji, sai mataimakiyar shugaba, sai takarda ga shugaban makaranta mai ɗauke da kwanan wata da lokacin da aka koro ta, ki riƙe kwafi a sa masa hannu. Ki nemi abu biyu kawai: a rubuta awon da inci, kuma a daina sakin yara ba tare da an kira iyaye a waya ba. Ki kai shi taron PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, don ba ke kaɗai ba ce. In ya faskara, makarantu masu zaman kansu suna ƙarƙashin kulawar Ofishin Tabbatar da Ingancin Ilimi na jiha. Na gwamnati kuma gundumomin ilimi shida ne, ta ɗaya tana nan Agege, ita ke kula da Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye.

Abu Hanifa, Obalende

Tambayarki ta ƙarshe, Hajiya, mutane kan haɗa ta da shari'ar hijabi, to a yi hattara. A Oktoban 2014 Babbar Kotun jiha da ke Ikeja ta goyi bayan hana hijabi a makarantun gwamnati. A Yulin 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci, sannan ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai mata Musulmi na sa hijabi, alƙalai biyar suka amince, biyu suka saɓa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, mai magana kan 'yancin addini, yana cikin abin da aka dogara da shi. Amma ƙarar a kan hijabi aka yi ta, kuma a kan makarantun gwamnatin jiha. Wanda ya shiga ofishin mai makarantar kuɗi yana cewa Kotun Ƙoli ta ba shi damar dogon siket, ya faɗi abin da ba ya cikin hukuncin.

Hujjarki ta fi wannan sauƙi. Takardar da kika sa wa hannu ranar ɗaukar ɗalibai ta kafa iyakar gajarta ne, ba ta kafa ta tsawo ba, don haka mai kai idon sawu bai karya ta ba. Duk da haka ki nemi amincewa a rubuce kafin a yanka yadi, launi ɗaya, fasali ɗaya da na sauran, tsawo kawai ya bambanta.

Maman Ilham, Agege

Allah ya saka da alheri. Malama, na duba, babu alamar naɗi. Amma Baban Sadik, kalmasar inci ɗaya ce kacal. Sai sabo ke nan?

Baban Sadik Tela, Idi-Araba

Ba dole ba Hajiya. In ƙugun bai matse ba, a warware kalmasar gaba ɗaya, a ɗinka siririn ƙyalle a bakin a juya shi ciki ya zama sabuwar kalmasa, za ki samu kusan inci ɗaya ba kwata. Layin tsohon ninki a ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle a bi da dutsen guga, amma in rana ta riga ta ci launin wurin, zai rage ne kawai, ba zai ɓace ba. In inci uku kike nema, a cire ƙugun, a saka ƙari mai faɗin inci uku a ƙarƙashinsa a mayar. Wannan yana ɓuya ne in rigar a waje ake barin ta ko hijabin ya sauko. In cusa riga ake yi, kowa zai gani. In ƙarin a ƙasa za a yi, a wanke sabon yadin sau uku ko huɗu tukuna ya kusanci launin tsohon.

Shi kuma dogon da za a ɗinka, kada ya share ƙasa. A tsayar da shi inci biyu sama da idon sawu, faɗin bakinsa kada ya gaza inci 56, in ba haka ba hawa danfo da tsallake kwata zai farke shi, ruwan Yuni kuma ya jiƙa bakin tun kafin ta kai makaranta.