Bini-da-zugu zai raba mu da sayen dizal?

Autan zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da gonar gado hekta 5, faƙo ce, ko gero ba ya yin kirki a cikinta. Na ƙudura in cika ta da bini-da-zugu, wanda Turawa ke kira jatrofa. Kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙwallonsa mai ne, ba ya neman ruwa, ba ya neman taki, akuya ma ba ta kallonsa. Ga dizal ya haura naira 1,000 lita. Ni dai a ganina arziki ne a bakin shingenmu, mu ne muka yi barci.

Baba Manomi: Wa alaikumus salam. Yaro, ka taɓa tambayar ma'anar sunan? Zugu ai likkafani ne. A wajenmu ma ci-ni-da-zugu muke cewa, wato in za ka ci ka tanadi likkafaninka. Tun ina yaro shinge muke yi da shi, ban taɓa ganin wanda ya gina ɗaki da kuɗinsa ba.

Autan zaure: Baba, ai ba ci za mu yi ba, inji za mu ba. A Disambar 2008 jirgin saman Air New Zealand ya tashi, ɗaya daga cikin injinansa huɗu yana shan mai rabi na jirgi rabi na jatrofa. Abin da ya ɗaga jirgi zai kasa tayar da injin ban-ruwa?

Malamin gona: Auta, ba wanda ya ce man ba shi da kyau. Rigimar tana kan yawan 'ya'yan da itacen zai ba ka. Gaskiya ne ba ya mutuwa a faƙo, amma rayuwa daban, haihuwa daban. In babu ruwa da taki sai ya kakkaɓe ganye ya tsaya ƙiƙam, 'ya'yan ba su kai a kirga ba. In kuma ka kai shi ƙasa mai kyau ka ba shi ruwa, to ya ci wurin masara da dawa, alhali da ma hujjar masu tallarsa ita ce ba zai taɓa gonar abinci ba.

Kuma an gwada, ba ƙaramin gwaji ba. A 2003 Indiya ta tsara shuka shi a sama da hekta miliyan 11, abin bai kai ko'ina ba. A ƙarshen 2005 gwamnatin soja ta Myanmar ta ba da umarnin a shuka eka miliyan 8, har malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati aka tilasta wa dashe. Kamfanin mai na BP ya haɗa jari da kamfanin D1 Oils don noman jatrofa a 2007, ya zare hannu a 2009. A Tanzaniya, kamfanin Sun Biofuels ya karɓi kimanin hekta 8,000 a Kisarawe, ya durƙushe a 2011, mutanen ƙauyukan suka tashi babu gona babu aiki. Kada ka manta lokacin da ake wannan zumuɗi gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da dala 40.

Yaya na Tamale: Malam ya faɗi gaskiya. Nan arewacin Gana ma guguwar ta biyo. Wani kamfanin Norway ya samu hekta 38,000 da dangwalen yatsan wani basarake, aka fara sare itatuwa har da kaɗanya, wadda mata ke ci da ita. Sai da jama'a suka tayar da ƙura aka dakatar.

Mai injin niƙa: Ku yi haƙuri, Malam, duk misalanku na manyan kamfanoni ne masu son fitar da mai waje. Ku leƙa Mali. A garin Garalo an kafa injinan wuta masu iya shan man jatrofa, aka tsara manoman yankin su riƙa kawo ƙwallon. Ni da nake ƙona dizal kullum, in zan samu ko lita 2 a rana daga shingen unguwarmu, wallahi na rage asara.

Malamin gona: Wannan kam ban musa ba, shinge bai ci gonar kowa ba. Sai dai ka yi lissafi: sai ka matse kilo 4 na ƙwallo ko fiye kafin ka ga lita ɗaya. Kuma ɗanyen man yana da kauri, in ba ka tace shi sosai ba zai toshe maka nozul.

Hajiya mai sabulu: Ku maza kuna ta lita-lita, wa zai tsinko? 'Ya'yan ba sa nuna tare, a reshe ɗaya za ka ga kore, ga rawaya, ga baƙi. Da hannu ake bi ɗaya-ɗaya, kuma na san mu da yara za a bar wa. Yaran kuwa sai an sa ido, don ƙwallon yana da garɗi kamar gyaɗa, kaɗan yaro zai ci sai amai da gudawa. Ƙulinsa ma ba a ba dabba, guba ne, sai dai taki. Gyaɗa ko man bai yi kuɗi ba ka sayar da ƙuli-ƙuli, ka sayar da harawa. Amma man yana yin sabulu fari mai kumfa, in kun matse ni zan saya.

Autan zaure: To Malam, yanzu faƙon nawa in bar shi haka ke nan?

Malamin gona: Zagaye shi da shingen tukuna. Yanke reshe ka kafa gab da faɗuwar damina, zai kama, ya tsare maka dabbobi da zaizayar ƙasa. Shekara 3 zuwa 5 yake ɗauka kafin ya ba da 'ya'ya sosai. Ka riƙa auna abin da ka tsinta da mudu kana rubutawa, sai mu sake zama.

Baba Manomi: In za ka yanki reshen ka zo gidana, shingena na baya ya yi yawa har ya tare hanyar shanu. Ka zo da addarka, tawa ta dakushe.