Neman kalma: me za mu kira planetary nebula da Hausa?

1/ Malaman kimiyya na Gombe da Bauchi, ku matso. Muna haɗa darasin taurari da Hausa don ɗaliban sakandare a nan Gombe, sai muka cije a kan planetary nebula, wato hazo mai haske da tsohon tauraro yake fitarwa a ƙarshen rayuwarsa. Wani ɗan'uwa daga Azare ya ce a fassara shi yadda ya zo, "hazon duniyoyi". Malam, ka yi haƙuri, ban goyi baya ba.

2/ Sunan Turancin ma kuskure ne aka gada. William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, shi ya yaɗa sunan, don a madubin hangen nesa na zamaninsa abin ya fito a kewaye kamar duniya. Ba duniya ba ce ko kaɗan. Don me za mu ɗora wa yaranmu wannan kuskuren?

3/ Ga abin da yake faruwa. Tauraro irin ranarmu, har zuwa mai nauyinta sau takwas, idan haidirojin ɗin cikinsa ya ƙare sai ya kumbura ya yi ja, ya koma haɗa hiliyam yana mayar da shi kabon da oksijin. A ƙarshen tsufansa ne ake ƙera sinadarai masu nauyi irin bariyam da dalma, sannu a hankali, sannan tafasar cikinsa ta kwaso su zuwa sama. A 1952 Paul Merrill ya ga alamar teknitiyam a hasken irin waɗannan tsofaffin taurari. Wannan sinadari shekaru 'yan miliyoyi kawai yake yi ya lalace, taurarin kuwa sun shekara biliyoyi. Ke nan a cikinsu aka yi shi. Wannan hujja tana burge ni ƙwarai.

4/ Daga nan tauraron ya tuɓe rigarsa ta waje, ta bazu, zafin ƙwayar da ta rage ya sa ta yi haske. Koren hasken da William Huggins ya gani a irin wannan hazo a 1864, har aka zaci sabon sinadari ne, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne. Hasken ba ya daɗewa, shekaru dubu goma zuwa ashirin ya dushe.

5/ Shawarata: saɓar tauraro. Duk wanda ya taso a karkara ya san saɓar maciji, fatar da ya zare ya bari. Yaro na jin sunan zai gane daga jikin tauraron abin ya fito.

6/ Wata malama daga Kaltungo ta ce maciji yana saɓa ya ci gaba da rayuwa, tauraron kuwa mutuwa yake yi, don haka ta fi son "likkafanin tauraro". Malama, maganarki da nauyi. Amma likkafani wani ne yake kawo maka daga waje, kuma rufewa yake yi. Wannan daga jikinsa ya fito, ya watsu da kabon da naitirojin da wasu taurari da duniyoyi za su ginu da su. Ƙwayar ma tana nan, ƙaramin tauraro mai zafi da ake kira farin wada, tana hucewa.

7/ Roƙona, kada mu sa wa ragowar manyan taurarin da suke fashewa wannan suna, don hanyarsu daban ce. Su ma suna buƙatar nasu. Malaman jami'ar Kashere da na ATBU ta Bauchi, muna jiran ta bakinku kafin mu buga darasin.