Yarana sun iya cike akwati amma insha'i ya gagare su, ku ba ni shawara

Malamar Hausa (mai tambaya):
Assalamu alaikum malamai. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗau zafi. Asali ba a wannan makarantar nake ba, sauyin wurin aiki aka yi mini bayan na dawo daga hutun haihuwa, kuma wadda na gada ba ta bar mini komai ba sai rajista da guntayen alli a gwangwani. A zangon da ya wuce aka tura ni bita, shi ma don wata ta ƙi zuwa ne aka sa sunana. A can aka nuna mana yadda ake zana akwatuna da da'irori a allo, yara su tsara abin da suka karanta kafin su yi rubutu. Abin ya shiga raina. Da kuɗina na sayi kwalaye da alƙaluman maka, har maigidan yana tsokanata wai albashina a shagon littattafai yake ƙarewa.

Na fara da taswirar labari, akwati biyar: su wa ke ciki, a ina, mece ce matsalar, me ya faru, yaya aka ƙare. Wallahi ajin ya farka, har 'yan bencin baya suna ɗaga hannu. To da na ba su gwaji, na ce su rubuta tatsuniyar Gizo da muka karanta da kalmominsu, galibinsu akwatunan suka zano mini. Ga abin da wani yaro ya rubuta kaf: "Gizo. Daji. Yunwa. Ya yi wayo. An kama shi." Ya ja layi da rula, ya miƙo mini yana murmushi. Shugaban makaranta ya duba littattafansu ya ce shi zane-zane kawai ya gani. Jarrabawa ta matso. In ci gaba, ko in koma rubuta musu a allo su kwafa?

Anti mai Turanci:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Aji nawa ne? Su nawa ne a ajin? Kuma duk sun iya karatu da kansu, ko ke kike karanta musu?

Malamin Lissafi:
Ke har kin samu an tura ki bita. Mu a nan sunayen 'yan gaban goshi kawai ake turawa, su karɓo alawus su dawo ko takarda ɗaya ba za su nuna maka ba. Shekara nawa ina jiran ƙarin girma. Allah dai ya kyauta.

Malam na Kwalejin Ilimi:
Malama, kada ki kuskura ki daina. Abin nan ba masu bita suka ƙirƙiro shi jiya ba. Da'irori biyu masu shiga juna, John Venn na Ingila ya wallafa bayaninsu tun 1880. Jadawalin nan mai gida uku, abin da na sani, abin da nake son sani, abin da na koya, Donna Ogle ta fito da shi a 1986. Kwamitin nazarin koyar da karatu na Amurka ma, a rahotonsa na 2000, ya sa irin waɗannan zane-zane da tsarin labari cikin dabarun da bincike ya nuna suna taimaka wa fahimtar karatu.

Yaron nan ya fahimci labarin sarai, amsarsa ta nuna. Ke ce kika tsallake mataki. Kin yanka albasa da tattasai kin jera a faranti, ba ki ɗora tukunya ba. Bayan an cike akwatunan, ki tsayar da yaro ɗaya ya dubi allo ya ba da labarin da baki, cikin cikakkun jimloli. Sannan ki rubuta musu kalmomin haɗi a gefe: wata rana, sai, saboda haka, amma, bayan nan, daga ƙarshe. Ki ɗauki "Gizo, daji, yunwa" ki mayar da su jimla a gabansu: "Wata rana yunwa ta kama Gizo, sai ya nufi daji." Akwati ɗaya ya zama jimla biyu ko uku, daga baya ya zama sakin layi. In sun saba, ki goge zanen gaba ɗaya.

Malamar Hausa:
Na gode, Allah ya gafarta Malam. Amma ban tsallake ba, ina sa su faɗa da baki. Lokacin ne ba ya isa. Minti 40 ne, kafin su nutsu su zana akwatunan da rula an kaɗa ƙararrawa.

Baba Hedimasta mai ritaya:
'Yata, ki ji maganar shugabanki. Mai duba makarantu in ya zo, littafin yaro zai buɗe, ba zuciyarki ba. Mu da aka koya mana gabatarwa, gundarin bayani da kammalawa, da shifta kullum safiya, ai mun rubuta wasiƙa tun muna firamare. Ki ba su samfurin insha'i mai kyau su kwafa, su haddace, hannu ya saba. Wayon zamani ya biyo baya.

Malam na Kwalejin Ilimi:
Ranka ya daɗe, gabatarwa da gundari da kammalawa ɗin nan ai akwati uku ne, zana su ne kawai ba ku yi ba. Hadda kuwa ita ta kai mu inda ɗalibi zai zo mana kwaleji, a ce ya kwatanta damina da rani, ya rubuto "Kasuwar Garinmu" da ya haddace tun ƙaramar sakandare. Malama, batun lokaci kuma, wa ya ce sai da rula? Su naɗe takarda gida huɗu, layin naɗin ya zama akwati. Ko su ɗora tafin hannu su zagaye, kowane yatsa tambaya ɗaya. Minti biyu an gama. Kuma ki raba aikin: yau cikewa, darasi na gaba rubutu.

Maman Ɗalibi:
Ni ba malama ba ce, ƙanwata ta sa ni a zauren. Ɗana ma haka ake musu, ya zo gida da wani zane kamar saƙar gizo-gizo wai aikin gida. Babansa ya ce wannan ne muke biya wa kuɗin makaranta? Ga kuɗin littafi, ga na kwali, ga na ranar al'adu. Malamai ku riƙa tausaya mana.

Anti mai Turanci:
Har yanzu ba ki amsa mini ba. Ina tambaya ne don in yaro bai iya haɗa baƙi da wasali ba, zai cike akwati da abin da ya ji a bakinki ko ya leƙa na maƙwabcinsa, ki ɗauka ya fahimta. Shi ya sa shirin Mu Karanta! da aka yi a Bauchi da Sakkwato ya mayar da hankali kan aji 1 zuwa 3 na firamare, inda ake kafa tushen karatu. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya su karanta miki layi biyu tukuna.

Malamar Hausa:
Aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare, Anti, kuma sun haura 80. Yaushe zan kira su ɗaya bayan ɗaya? Ni dai na san yarana, ba kwafa suke yi ba. Baba, shekara nawa suna kwafar allo kafin in zo, ga shi jimla ɗaya ta gagare su, wannan ba laifin akwatuna ba ne. Maganar naɗe takarda kuma, shugaban namu ko fallen littafi aka yage sai ya yi faɗa.

Malam na Kwalejin Ilimi:
To ki gayyace shi ajin ya gani da idonsa. Ki turo mini hoton littafin yara uku ta saƙon sirri, zan gaya miki daidai inda kika kauce.

Baba Hedimasta mai ritaya:
Ki gayyaci shugaba ya ga abin da ya riga ya ce ba ya so? Malam, a kwaleji kuke, ba ku san zaman ofishin firinsifal ba.

Malamar Hausa:
Ban ce na kauce ba fa, Malam. Tambayata ita ce, jarrabawar nan da ke tafe, in yaro ya zana akwatuna ya cike su daidai, in ba shi maki ko in hana shi?

Malamin Lissafi:
Wai an ga alat ɗin albashi kuwa a ɓangarenku? Mu shiru har yanzu.