Na'urar famfon sola ta yi aiki a kan tebur, yaya za mu tafiyar da aikin guda hamsin?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina jagorantar wata ƙaramar tawaga ta mutum huɗu a nan Damagaram, kuma abin da muke ƙerawa shi ne na'urar kula da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Na'urar tana auna ruwan da ke cikin shato, ta kunna famfo ko ta kashe shi, ta tsayar da shi idan ruwan rijiya ya ja baya don kada ya ƙone, sannan ta aika wa mai kula da rijiyar saƙo ta waya idan an sami matsala. Ƙwaƙwalwarta ESP32 ce, abin da ke aika saƙon kuma SIM800L ne.

Samfurin farko yana aiki lafiya lau a kan teburinmu. Yanzu wata ƙungiya ta nemi mu ba ta guda hamsin, a girka su a ƙauyukan Mirya, Magarya da Tanut kafin damina ta faɗi, kuma a nan ne aikin ya fara cije mana. Mai zana allon lantarki ya ce ba zai kammala zanensa ba sai mai rubuta manhaja ya faɗa masa duk abin da za a jona wa ƙwaƙwalwar, shi kuma mai manhaja ya ce ba zai iya gwada komai ba sai allo ya zo hannunsa. Masu ba da aikin kuwa duk zaman da muka yi da su sai sun ƙaro wata buƙata, jiya ƙidayar litar ruwa, yau ganin bayanai a intanet. Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan fage su nuna mini abin da ya kamata a fara tsayarwa, da yadda ake yanke farashi ba tare da an ci uwar kuɗi ba.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne cewa sassan aikinka biyu ba sa tafiya da sauri ɗaya. Kuskuren manhaja ana iya gyara shi tsakanin azahar da la'asar, amma kuskuren allo sai an sake zane, an aika masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin, an jira a buga, an jira ya iso Zinder, sannan a zauna a liƙa kayan da dalma ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka jadawalin aikinka a kan zagayen allo za ka gina shi, kuma ka sa zagaye uku a lissafi tun yanzu: na farko don gano manyan kurakurai, na biyu don kai wa daji, na uku shi ne na sayarwa. Wanda ya yi wa mai ba da aiki alkawari bisa zaton allon farko zai fito daidai ya ɗaure kansa da igiyar da ba shi ne ke riƙe da bakinta ba.

Rigimar yaranka biyu takarda ɗaya ce za ta kashe ta. Ka zaunar da su su rubuta kowace ƙafa ta ESP32, wato wurin da ake jona mata waya, da abin da za a jona mata, da ƙarfin wutar da za ta ɗauka, su bar biyu ko uku a sake don abin da zai taso daga baya, su sa hannu. Daga ranar mai zane ya ci gaba da zanensa, mai manhaja kuma ya ɗauki allon gwaji na kasuwa ya jona masa wayoyi bisa wannan takarda ya ci gaba da rubutunsa. Haka za ka yi da masu ba da aikin: shafi biyu da ke faɗin abin da na'urar za ta yi, kuma duk buƙatar da ta zo bayan sa hannu a rubuta mata kuɗinta da makonnin da za ta ƙara. Za ka ga yawancin buƙatun sun koma “a bari sai wani karo” da zarar an ga farashinsu.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ba ka ambaci zafi ba. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa a yankinmu yakan wuce digiri 40, akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana kuwa cikinsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kayan lantarki na gama-gari an yi su ne don digiri 0 zuwa 70, na masana'antu kuma daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85, kuma a kan takardar kowane kaya an rubuta ajinsa. Ka ɗauki kondensa mai ruwa a ciki, wato ƙaramin kayan da ke tara wuta a kan allo, ka duba jikinta. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Wadda aka yi wa awa 2,000 a digiri 85, idan tana zaune a digiri 65 za ta ba ka kamar awa 8,000, wato ba ta cika shekara ba, alhali mai awa 2,000 a digiri 105 za ta kai awa 32,000 a wannan zafin, fiye da shekara uku da rabi. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma shi ne zai yanke ko za ka koma Tanut da akwatin gyara. Batirin litiyam na yau da kullum kuma ba a so a yi masa caji sama da digiri 45, don haka wurin da za ka ajiye shi a cikin akwatin ma shawara ce ta zane. A ganina kada ka girka hamsin a bana. Ka girka biyar su sha zafin bazara da tsawar farkon damina, sannan ka buga sauran.

Hajiya Mai Sayayya ta amsa:

Baba Injiniya ya yi magana mai kyau, sai dai ni da nake kula da sayen kaya da lissafi a wani shagon haɗa na'urori zan ƙara wani abu da ya kamata ya riga zane. Kafin a ja layi ɗaya a kan allo, a fara tabbatar da cewa kayan da za a ɗora masa suna samuwa, kuma masu wuyar samu a saye su a ajiye. A shekarar 2021, lokacin ƙarancin ƙwaƙwalwar lantarki a duniya, wasu nau'o'in ƙwaƙwalwar STM32 sai an jira kusan shekara guda kafin a same su, kuma kamfanoni da yawa sun sake zane daga tushe saboda kaya ɗaya tak. Mu kuma muna da namu ƙarin. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufe iyakarta da Nijar bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk wanda ya saba aika yaro Sabon Garin Kano ya sayo abin da ya ƙare ya ji a jikinsa. Masana'antun Sin ma sukan rufe don bikin sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, daidai lokacin da mai son girkawa kafin damina yake buƙatar allonsa.

Don haka, ƙanena, kowane kaya a jerinka ka rubuta masa madadi da zai zauna a gurbinsa ba tare da an taɓa zane ba, kuma ka sayi fiye da adadin da kake buƙata, domin wasu za su lalace wajen liƙawa, wasu kuma jabu ne tun daga kanti. Game da farashi, kuskuren da na fi gani shi ne a tara kuɗin kaya a ɗora riba kaɗan a ce an gama. Ina kuɗin duwan da na dako, ina canjin sefa zuwa dala, ina kuɗin allunan da za a zubar a zagaye na farko da na biyu, ina man mota da yinin ma'aikaci idan na'ura ɗaya ta tsaya a bayan Magarya? Sau da yawa tafiya ɗaya ta gyara takan cinye ribar na'urar da aka je dominta. Sannan ka tambayi ƙungiyar tun yanzu wanda zai riƙa sa wa layuka hamsin kuɗi, da sunan wanda za a yi musu rajista, domin kamfanonin waya sukan rufe layin da ya daɗe ba a yi masa caji ba, kuma ranar da saƙo ya daina zuwa kai za a kira a ce na'urarka ta mutu. Kada ka fara sayayya sai an ba ka kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan gaba ɗaya.

Mai Girka Sola ya amsa:

Ni aikina hawa shato da ɗaure farantan sola, don haka zan faɗi abin da nake tararwa idan na buɗe akwatunan da wasu suka ƙera. SIM800L yana son wuta tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma a lokacin da yake neman rezo yakan fizgi har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido. A gari, kusa da eriya, ba za ka lura ba, amma a ƙauyen da rezo ke da rauni yakan yi ta fizga da dukan ƙarfinsa, wuta ta faɗi, ƙwaƙwalwar ta mutu ta sake tashi, famfo ya yi ta kunnuwa yana mutuwa. Ka gwada na'urarka a inda sanda ɗaya ce ke fitowa a waya, da layin Airtel da na Moov da na Zamani, domin ba kowane ƙauye ne ke samun dukansu ba.

Akwai kuma kurakuran da ba sa bayyana sai bayan an biya ku an watse. Agogon cikin manhaja da ke ƙidayar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yakan cika ya koma sifili bayan kwana 49 da 'yan awoyi, kuma idan mai manhajarku bai rubuta lissafin lokaci da sanin haka ba, na'urar za ta rikice a ranar da babu wanda ya taɓa ta. Ma'ajiyar EEPROM ta gama-gari, wadda ke riƙe bayani ko da wuta ta ɗauke, tana jure rubutu kusan sau 100,000 a gurbi ɗaya, wanda ke nufin mai rubuta matakin ruwa kowane minti zai cinye ta cikin kwana 70 ko ƙasa da haka. Ku kunna agogon gadi da ke sake tayar da na'ura idan ta daskare. Ku toshe ƙofar wayoyi da kyau, domin ƙurar hunturu da tururuwa da tsaka duk na same su kwance a kan allo. Abu na ƙarshe, kuma a nan ba na sassautawa, ku sa makunnin hannu da zai kunna famfo ko da na'urarku ta mutu murus, domin mutanen gari ba za su kwana da ƙishirwa suna jiran injiniya daga Zinder ba, za su yanke wayoyinku su haɗa kai tsaye.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Takardar ƙafafu da jerin madadin kaya za mu fara su a wannan mako. Sai dai, Baba, ƙungiyar tana da wa'adin kashe kuɗinta, kuma ina tsoron idan na ce biyar kawai za ta nemi wani. Shin ba zai yiwu mu girka hamsin ɗin ba, mu riƙa gyara manhajar daga nesa ta hanyar rezo idan an sami kuskure?

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Sabunta manhaja daga nesa abu ne mai kyau, kuma ESP32 tana da tsarinsa: ana raba ma'ajiyarta gida biyu, sabuwar manhaja ta sauka a ɗaya, idan ta kasa tashi na'urar ta koma tsohuwar. Amma ka tuna SIM800L a kan 2G kaɗai yake aiki, saukar da manhaja a kan rezo mai yankewa yana da jinkiri kuma yana cin kuɗi, sannan shi kansa tsarin sabuntawar aiki ne na makonni da sai an gwada shi ta hanyar cire wuta a tsakiyar saukarwa. Ko ya yi aiki, ba zai canza kondensar da ta bushe ba, ba kuma zai ƙara wa allo kariyar tsawa ba.

Abin da zan ba ka shawara ka kai wa ƙungiyar shi ne kwangilar hamsin a rubuce, a biya kuɗin kaya yanzu yadda Hajiya ta ce, wanda zai warware musu batun wa'adi, amma girkawa ta zama kashi uku: biyar a rijiyoyin da ke kusa da gari, goma sha biyar bayan an gyara abin da biyar ɗin suka nuna, sauran bayan damina. Kafin kashi na biyu ka ƙera abin gwaji, wato katako mai ƙusoshin taɓawa da za a ɗora kowane allo a kai ya nuna cikin minti biyu ko yana da lafiya, domin gwada allo hamsin da mita a hannu yana gajiyar da ido har a fara tsallake wasu. Kowace na'ura ta sami lambarta a jiki, a rubuta zagayen allonta da sigar manhajarta da ƙauyen da aka kai ta, manhajar kuma a ajiye ta a Git, wato tsarin adana manhaja da tarihin canje-canjenta, a inda ku huɗu za ku iya kaiwa gare ta, don kada aikin ya tsaya ranar da mai rubuta ta ya sami aiki a Yamai. Tun da na'urar tana amfani da layin waya, ka rubuta wa ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, ka tambayi sharuɗɗan amincewa da irin wannan kaya kafin ka buga allon ƙarshe. Idan kun gama zanen sashen wuta, ka ɗora hotonsa a nan ni da Mai Girka Sola mu duba shi kafin ku aika masana'anta.